Inda Babur ɗin Nazario Yake Tari

Shingen karan masara ne kawai ya raba gidana da na Nazario, saboda haka ko atishawa ya yi ni ke fara sani. Kompadre nake ce masa, domin ni na riƙe 'yarsa Ondina ranar baftisma, ko da yake har yau yana faɗa wa mutane wai a buge nake ranar. Sharri ne, ɗan taɓawa kawai na yi.

Sana'arsa yi wa shanu allura da fiɗiye aladu. Duk kayan aikinsa a wata jakar fata suke, yana rataye ta a ƙirji. Jan babur ɗinsa ya girmi Ondina, tankin ya koɗe har ya koma launin bulo. Mazaunin baya kuwa na komadre Balbina ne, matarsa. A karkace take zama, ƙafafu gefe guda, hannu ɗaya ya zagaye masa ciki, tana yi masa faɗa tun daga ƙauye har cikin garin Gracias.

"Rage wuta, tsoho, ba gobara za mu kashe ba!"

Bara, lokacin tsinkar kofi, ciwon ƙirji ya kama ta da hantsi. Babu mota a ƙauyen. Ya ɗora ta a baya, ya ɗaure ta a jikinsa da mayafinta, ya kama hanyar asibiti yana tafe yana yi mata hira. Da aka kwance mayafin a ƙofar asibiti, jikinta ya riga ya yi sanyi. A hanya ta cika, kuma ko shi bai san a ina ba.

To, a wurinmu wanda ya mutu a hanya sai an je daidai inda ya cika an ɗauko kurwarsa. A kai furanni da kyandir, a daki ƙasa da reshe, a kira sunansa, a yi ta kira har cikin gida. In ba a yi haka ba, yana nan tsaye a bakin hanya, ba shi gida ba shi kabari. Doña Tomasa, tsohuwar da ke ja mana addu'ar mamaci, ta gwada a ƙofar asibitin. Da muka dawo ta ajiye furannin ta kakkaɓe hannu.

"Ba su da nauyi," in ji ta. "Ba ta biyo mu ba."

Daga ranar Nazario ya fara ramewa. Ondina ta dage ya tattara ya koma wajenta a birni, shi kuwa ya ce ba inda za shi ya bar uwarta a tsaye a rana.

Ana cikin haka babur ya fara tari. Ba kullum ba. Sai ya yi kwanaki lafiya lau, ran nan kuma a hanyar dawowa daga gari injin ya riƙa cijewa yana fizga, kamar an shaƙe shi ana saki. Daga gindin babban rimin nan na kwanar dutse yake farawa, inda hanya take da gargada. Da ya tsallake rafin da ke bakin ƙauye sai ya washe, ya shigo gida yana waƙa.

Ni kuwa na samu abin yi. Kullum da yamma ina jingine da shinge ina kallonsa tsugune.

"Kompadre, yau kuma me ka cire masa?"

"Fulogi."

"Ai jiya ma fulogi ka ce."

"Na jiya na jabu ne."

"Ka yi masa allurar shanu mana, ko ka fiɗiye shi ka huta."

Ya wanke kafireta har sau ban san adadi ba, a cikin kwanon da komadre take jiƙa wake. Ya juye tanki ya tace man da tsohuwar safa, ya ce ruwa ne a ciki. Wani direba ya ce masa hujin murfin tanki ne ya toshe, ya bi shi da allura. Bayan kowane gyara sai babur ya yi shiru kwana biyu, Nazario ya leƙo ta shinge ya ce, "Toribio, ina bakin naka?" Sai kuma ran nan in gan shi ya shigo fuska a murtuke.

Daga ƙarshe na ja shi wajen Isauro makanike, a bayan kasuwar Gracias. Isauro ya tayar da babur a tsaye, ya murza, ya saurara. Inji garau. Ya hau ya zaga kasuwa ya dawo.

"Don Nazario, wannan ya fi ku lafiya ku biyun."

"Ka ji ko?" na ce. "Kunnenka ne ke tari."

Na gaji da tsayuwa, sai na ɗora ɗuwawuna a mazaunin baya, injin yana aiki. Nan take ya cije, ya yi tari. Na zabura na miƙe, ya washe.

"Koma ka zauna," in ji Isauro.

Na zauna, ya yi tari. Na tashi, ya daina. Isauro ya kwance mazaunin ya nuna mana wata siririyar waya da ƙarfe ya cinye wa riga.

"Ga ɓarawon. In nauyi ya danne bayan, sai ta taɓa ƙarfe wuta ta ɗauke. Shi ya sa ba kullum ba ne, sai ran da kuka ɗauko wani. Bari in naɗe ta da salatif."

Nazario ya riƙe masa hannu.

"Gargadar hanya fa? Ba za ta sa haka ba?"

"Ina! Sai an zauna. Kuma ba yaro ba, babban mutum."

"Tun da aka binne Balbina ban ɗauki kowa ba," in ji Nazario. "Ko buhu ban ɗora ba. Yau ma Toribio a motar madara ya zo."

Isauro ya yi alamar gicciye da hannunsa mai baƙin mai. Ya mayar da mazaunin yadda yake, bai taɓa wayar ba.

Doña Tomasa ba ta yi mamaki ba da muka gaya mata.

"A rimin ta cika ke nan. Tana ganinsa ya zo wucewa sai ta hau. Amma mamaci ba ya tsallake ruwa sai ana kiran sunansa. Kai kuma ka yi shiru kana sauraron inji, dole ta sauka a rafi ta koma."

Washegari da rana tsaka muka je. Ni na riƙe furanni, Doña Tomasa ta kunna kyandir a gindin rimin, ta daki ƙasa da reshen lemo. Babu iska ko kaɗan. Nazario ya buga kik, ya zauna shi kaɗai, injin yana aiki sumul. Muka jima a haka har gumi ya jiƙa mini riga.

"Balbina," ya ce. "Zo mu tafi gida."

Injin ya yi tari.

Ya sa giya ɗaya, yana tafe a hankali, mu muna biye a ƙasa. Yana kiran sunanta, Doña Tomasa tana amsawa da addu'a, ni ma da ban iya komai ba na shiga kira. "Komadre, Toribio ne, kada ki sauka!" Ni da Doña Tomasa muka riƙa musayar furannin, domin hannuna ya fara sagewa, kuma furanni ne da ba su cika tafi biyu ba.

A bakin rafi babur ya nemi mutuwa. Nazario ya sa ƙafafu cikin ruwa yana turawa, muryarsa ta dishe.

"Riƙe ni da kyau, tsohuwa. Balbina! Saura kaɗan. Balbina!"

Suka haura. Injin bai washe ba. Haka ya ratsa ƙauyen yana tari, mata suna fitowa ƙofa suna cire wa 'ya'yansu hula, karnuka kuwa ko ɗaya bai yi haushi ba.

A ƙofar gidansa ya tsaya, bai kashe ba. Ya cire hularsa.

"Mun iso. Sauka a hankali."

Ina tsaye dab da shi, da idona na ga bayan babur ɗin ya ɗago kaɗan. Injin ya washe. Doña Tomasa ta karɓi furannin ta shige ciki, ta bar ƙofa a buɗe.

Ran nan Nazario ya cinye kwanon wake da wainar masara, ya miƙo ta kan shinge a ƙara masa daga tukunyarmu. A watan da ya biyo ya yarda ya je wajen Ondina ya kwana biyu. Ya bar mini babur in riƙa tayar masa da shi da safe. Ina tayarwa, amma daga tsaye, kuma sai na ce, "Gafara, komadre," kafin in taɓa shi.