Dubiyar Mai Sito

Ni dama ba mai iya zama wuri ɗaya ba ne, amma ban taɓa rasa sukuni ba kamar a makon da ya gabaci azumin wata shekara, lokacin ina buga tafireta a wani ɗan ofishin gwamnati a cikin birnin Zariya. Farkon damina ne. Yau a kwana ana ruwa, gobe rana ta buɗe kamar ba a yi ba, mura kuwa ta samu gari tana yawo.

Teburina yana kallon na wani akawu da muke kira Alaramma. Ɗan unguwar Limancin Kona ne, ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma shi ya koya mini aiki da na zo. Maganarsa sanyi gare ta, sai ka matso kake ji, amma in ya buɗe baki da karatun Alƙur'ani har masu tallan goro sukan tsaya a bakin taga. Shekara da shekaru yana zama a bayan tsohon da ke jan baƙi a tafsirin masallacin unguwarsu, tsohon ya karanto aya, malam ya fassara. A wannan shekara numfashin tsohon ya gaza, sai malam ya aiko wa Alaramma cewa shi zai ja. Akwai wani ɗan'uwan malamin da shi ma ya daɗe yana so, kowa ya sani, amma namu aka ba.

Tun daga ranar ya shiga tattalin murya. Ya bar ruwan randa, ya bar gyaɗa, ya bar goro, ya ajiye kwalbar zuma a aljihun tebur. Ni kuwa na naɗa kaina dogarin maƙogwaronsa ba tare da kowa ya sa ni ba. A kunna fanka in kashe, a buɗe taga in rufe. Murna nake yi masa sosai, kuma tsoro nake ji, don na san in wannan dama ta kuɓuce ba lalle ta dawo ba.

Ana nan sai ga Mai Sito ranar Litinin, ido jajur, hanci na zuba, hankici a hannu ya jiƙe sharkaf. Shi ke riƙe da ɗakin ajiyar kayan ofis, ƙato ne mai fara'a, wanda ba ya wuce mutum sai ya ba shi hannu biyu ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Ya bi tebur-tebur yana gaisawa yana atishawa, mu kuma muna ta yi masa addu'a har bakinmu ya gaji. Daga nan ya nufi randa, ya ɗebi ruwa da moɗar da kowa ke sha, ya sha, ya mayar.

Na ce, "Malam, don Allah me ya fito da kai a haka?"

Ya ce, "Haba, ɗan samari, mura ce fa! In na kwanta don mura, ranar da zazzaɓi ya zo sai a haƙa mini kabari ke nan? Kuma ba ka ji ana ta sallamar ma'aikata ba? Kujerar da aka tarar babu kowa, ita ake fara ɗaukewa."

A nan ban iya musa masa ba. Zamanin soja ne, kowa a tsorace yake da aikinsa. Sai na koma dabara. Duk fayil ɗin da ya ɗauko zai kai wa Alaramma, in yi wuf in tare shi a hanya in karɓa, domin da yawu yake buɗe shafi. Na wanke moɗa har sai da aka tambaye ni ko wanke-wanke aka ɗauke ni yi. Na ja teburin Alaramma zuwa lungu da sunan wai rufi na yoyo. Aikina kuwa ya lalace, takarda ɗaya sai in buga ta in yage in sake, kunnena yana wajen atishawar Mai Sito.

Kashegari mai biyan albashi ya fara jan hanci, wata Hajiya da ke karɓar wasiƙu ta zo da ciwon kai. Ban tsaya wata-wata ba na shiga wajen Babban Akawu, wanda shi ne shugabanmu, na roƙe shi ya ba Mai Sito hutu, ya kuma tabbatar masa babu mai taɓa kujerarsa. Ya dube ni ta saman tabarau, ya yi dariya, ya yarda. Ranar Laraba kujerar Mai Sito babu kowa. Na zauna na buga aiki lafiya lau, har da 'yar waƙata a ciki.

Muna idar da sallar azahar sai Babban Akawu ya gyara hula ya ce, "To jama'a, ku ɗauko kekunanku mu je Gyallesu dubiyar Mai Sito. Mutumin da bai taɓa fashin aiki ba, in ka ga ya kwanta ai abin ya kai."

Shi fa da kansa ya ba da hutun, ya kuma san mura ce! Amma a garinmu in mutum ya kwanta to marar lafiya ne, marar lafiya kuwa dole a duba shi. Na ja Alaramma gefe na ce, "Yaya, kai ka zauna, zan ce aiki ya riƙe ka."

Ya ce, "In ce me? In ce tsoron murarsa nake? Ni da zan zauna gaban jama'a ina karanta musu maganar Allah, in kasa duba abokin aikina? Zumunta a ƙafa take, tashi mu je."

Ɗakin Mai Sito ƙarami ne, an rufe taga an cusa tsumma a kafofinta don kada iska ta shiga, ga tukunyar surace a gefen gado tana tururi. Muka duru ciki gaba ɗayanmu, gwiwa na gugar gwiwa. Mai Sito ya tashi zaune yana gumi, daɗi ya kama shi har da ƙwalla. Ni na tsaya a bakin ƙofa ina riƙe da gefen rigar Alaramma, sai na ji Babban Akawu ya ce, "Alaramma, matso kusa ka yi masa addu'a."

Ya zare rigarsa daga hannuna, ya je ya zauna a bakin gado. Mai Sito ya kama hannuwansa biyu ya riƙe gam, ana addu'a yana amin yana tari a fuskarsa. Ba a gama shafawa ba uwargidan ta aiko da kunun tsamiya a ƙwarya, ludayi ɗaya. Mai gida ya kurɓa don ya nuna ya samu sauƙi, ya miƙa wa Alaramma ya ce, "Ko ludayi ɗaya, Malam, don albarka." Ina kallo ya sha. Haushi ya cika ni har na rasa wanda zan ji wa, na fita waje na tsaya wajen kekuna ina ta zagaye.

Ranar da aka ga wata Alaramma ya zo ofis yana gyaran murya. Ranar farko ta azumi kuwa muryar ta dushe, ga shi ba damar lasar zuma da rana. Bayan la'asar na bi shi masallaci, na samu wuri kusa. Ya zauna gefen malam da sabuwar riga, ya buɗe baki, abin da ya fito ko sahun farko bai kai ba. Ya sake gwadawa, tari ya sarƙe shi. Malam ya jira, ya ƙara jira, sannan ya yafito ɗan'uwan nan nasa ya ce, "Riƙa masa kafin ya warware."

Alaramma bai daɗe ba ya warware. Kullum ina damunsa a ofis, "Yaya, ka je ka gaya wa malam ka warke mana!" Shi kuma ya ce wannan wuri ba a roƙonsa, kira ake yi. Mai Sito ya dawo aiki garau, yana ta ba shi shawarar citta da kanumfari, bai ma san abin da ya faru ba. Mu dai kullum la'asar muna cikin sahu, ni ina mutsu-mutsu ina jiran malam ya waiwayo.

Wata rana a goman tsakiya mai jan baƙin ya sarƙe a tsakiyar aya, ya koma baya, ya sake sarƙewa. Sai Alaramma ya ɗago masa daga inda muke zaune, da cikakkiyar muryar nan tasa, har ƙarshen ayar. Kawuna suka juyo. Na ce a raina yau kam malam zai mayar masa da wurinsa. Malam ya dube shi, ya gyaɗa kai, ya yi murmushi. Ɗan'uwan ya karɓi ayar ya ci gaba, malam ya fassara.

Da aka tashi mutane suka yi ta ba shi hannu suna cewa, "Alaramma, ashe murya ta dawo!" Ya ce ta dawo, alhamdu lillahi, ya sunkuya yana neman takalmansa. Har na bar aiki a Zariya ɗan'uwan malam ne ke ja, Alaramma yana cikin sahu.