Kifin Katako Mai Gaɓa Uku

Har yau a unguwarmu a Haɗejiya ana cewa wai ni ce yarinyar da ta koya wa tsohon masunci kamun kifi. Ba haka aka yi ba, kuma na gaji da gyara wa mutane zancen. Ranar tana nan a kaina, ba na jin za ta taɓa fita, don haka bari in faɗi yadda ta kasance.

Bayan na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, na ga wani mutum a waya yana sassaƙa ɗan kifi da katako, ya raba shi gaɓa-gaɓa, ya haɗa da siririyar wayar ƙarfe, ya maƙala ƙugiya. In aka ja shi cikin ruwa sai ya riƙa lanƙwasa kamar mai rai, babban kifi ya kawo masa hari. Na ce ai wannan ba abin gagara ba ne. Na samo guntayen katako wurin kafinta, na ɗauke wuƙar Umma ta yankan albasa. Shida na lalata, na yanke yatsa sau biyu. Na bakwai ya fito da gaɓa uku: kai, ciki da wutsiya. Mako uku na yi ina masa ado da jan farce, ɓawon bayansa ɗaya bayan ɗaya, har da ido. Cikin kuwa na shafe shi da ragowar baƙin fenti, tunda ba wanda zai gani.

Umma ta gaji da sharar ɓarɓashin katako. Ta ce, "Ki kai wa kakanki. In ya ce abin banza ne, kin daina ke nan, ki dawo min da wuƙata." Na yarda, don na tabbata da aikina.

Kakana mahaifin Umma ne, ya tsufa yana su a kan gora, irin babbar nan da masunta ke hawa a ruwa, sai da gwiwa ta hana shi shiga ruwa ya koma fatsa daga bakin gaɓa. Da safe muka fita, lokacin ruwa ya fara janyewa daga fadama, muka sami wani gurbi kusa da ciyawar kacalla ta hanyar Guri. Ya juya kifina a hannu ya ce, "Amarya, wannan ne kayan garar da kika kawo min? Ko tana ba za ki sa masa ba?"

"Tsoho, kai dai zauna ka ga boko."

Na jefa, na ja. Wallahi ya yi kyau, yana tafe yana kaɗa wutsiya, rana na haska bayansa. Na sake jefawa. Na yi ta yi har hantsi ya dubi ludayi, hannuna ya ƙage, ko taɓa shi ba a yi ba. Tsoho kuwa da tanarsa ya ciro karfasa huɗu, kowacce sai ya ɗaga min ita ya ce ta gaishe ni. Ni ba ni da haƙuri, kowa ya sani. Na tsinke zaren na ɗaga hannu zan wurga abin cikin kacalla.

"Kawo nan," in ji shi. Ya daina dariya. "Wa kika yi wa wannan kwalliyar?"

"Kifi mana."

"A'a, mutane kika yi wa. Mu ne muke kallo daga sama. Babban kifi irin zawai daga ƙasa yake tasowa, ciki yake gani, kuma duk ɗan kifin da ke kogin nan cikinsa fari ne."

Ya zaro wuƙarsa ya kankare baƙin fentin har farin katako ya fito. Sannan ya kama gaɓar wutsiya ya murɗe wayar da haƙori. Na yi ihu, "Ka lalata min!" Kwana biyu na yi ina daidaita wannan gaɓar.

"Na gurgunta shi dai. Naki lafiyayye ne, ga gudu kamar an biyo shi. Wa zai wahalar da kansa a kan mai lafiya? Ja kaɗan, ki tsaya. Ki ƙirga biyar."

Na sake ɗaura shi a zaren sandar, na jefa. Tsayawar nan ta fi min sassaƙar wuya. Kifin ya riƙa tafiya a karkace, yana ɗingishi, abin ban haushi. A jifa na huɗu na ja, na tsaya, ina ƙirga uku ruwa ya fashe. Sandar ta kusa kuɓuce min, tsoho yana ta "Kar ki fizga, amarya, bar shi ya gaji!" Zawai ne mai tsawon kamu guda, haƙoransa sun huda katakon a daidai wurin da aka kankare. Masunta biyu da ke wucewa suka gan shi a hannuna, daga nan labarin ya karkace.

A gida Umma ta tambaye shi, "Baba, yaya?" Na san abin da na kai bakin kogi bai kama komai ba, kuma shi ba ya ƙarya.

Ya ce, "Yadda ta kawo shi, abin banza ne." Ya kurɓi ruwa, ya bar ni a tsaye. Sannan ya dubi Umma. "Amma hannunta yana da kyau. Ki sayi wata wuƙar albasa."

Abin da na koya shi ne na iya katako ban san kifi ba, kuma na yi aikin ne don a yaba min, ban tambayi wanda zai ci ba. Na yanke shawara ba zan sake sassaƙa ko ɗaya ba sai na yi wata guda ina bin tsoho bakin kogi kowace safiya, ba zare ba ƙugiya, ina kallon yadda ƙananan kifaye ke tafiya, bakina a rufe.