Zanen da Ka Bari a Zaure

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, takwas ga Sha'aban, shekara ta 1335 bayan hijira, Allah ya karɓi ran Malam Yahaya a nan Agadas, bayan doguwar jinya. Na gaji da rakiya maƙabarta, Yahaya. Tun da sojan Faransa suka sake shiga garin nan bana, ƙafata ta fi sanin wannan hanya da ta kasuwa.

A zaure ɗaya muka wanke allo muna yara. Ni na tsaya ga fiƙihu, kai ka bi ayari har Masar, ka dawo da furfura da ilimin da muka rasa inda za mu ajiye shi: lissafi, da awon gini, da yadda arzikin gari ke hawa da sauka. Nakan tsokane ka cewa ka tafi neman malanta ka dawo magini, kai kuwa sai murmushi. Kai ka fahimtar da madugai dalilin da ya sa gishirin Bilma ke faɗuwa in duk suka sauke kaya a kasuwa ɗaya. Da mutane suka firgita da wayar Nasara, suna cewa aljanu ke kai saƙon, ka ɗaure tsirkiya tsakanin ƙoƙo biyu, ka sa tsofaffi suna gaisawa ta ciki suna dariya.

Hali ɗaya na kasa raba ka da shi: ba ka karantarwa sai a ƙasa. Ka baje rairayi, ka zana da yatsa, ɗalibi ya gane, ka shafe da tafin hannu. Kana cewa wanda ya san za a shafe ya fi buɗe ido. Haka ne, muddin akwai ɗaliban. Yau wasu suna Damagaram, wasu mun binne.

Aikinka na ƙarshe katanga ce da za ta karkatar da ruwan ƙoramar Telwa, wanda ya ci gidajen unguwarmu bara. Ka zana ta a zaure kana tari, ka ƙi shafewa, ka ce sai babban ɗalibinka Haruna ya dawo. Matarka Tabawa ta kife masaki, babbar ƙwarya, a kan zanen, ta hana shara, ta hana kaji. Bayan jana'iza ni da Bahago magini muka ɗaga, muka yi ta kallo. Layuka muka gani da lambobi, ba mu gane komai ba.

Ranar sadakar uku jama'a suka zo fiye da waɗanda na zaci sun rage a garin. Wuri ya cika, dattawa suna tsaye cikin rana. Sai Tabawa ta yi magana daga bayan ƙyaure.

"Malam Abdu, ɗauke masakin a shimfiɗa tabarma. Bai taɓa barin baƙo a rana ba."

Na ɗauke. Da aka watse na naɗe tabarmar, babu abin da ya rage a rairayin sai shatar saƙarta. Zuciyata ta karye a lokacin fiye da ranar da muka sa ka a kabari. Har yau ba labarin Haruna, ga damina ta ƙarato.

Allah ya jiƙanka, Yahaya, ya yalwata kabarinka, ya sa abin da ka karantar ya bi ka da lada. Ina miƙa ta'aziyya ga Tabawa da ɗiyarka Binta da ɗalibanka duk inda suke, Allah ya ba su haƙuri. Mu kuma da muka rage a unguwar, Allah ya sassauta mana ruwan bana.