Gyaɗar Gwaggo, Sunan Baba

A kakar shekarar da aka ce jirgin ƙasa ya fara kwasar gyaɗa a Kano, ina 'yar ƙanƙanuwa, ko zane ban iya ɗaurawa da kyau ba, na bi Gwaggo Hansai kasuwar Gumel. Yayar mahaifina ce, ita ta ɗauke ni riƙo tun da aka yaye ni. Muka taso daga ƙauyenmu da ke kusa da Ɗanzomo da jakunanta, kowanne da taiki cike da ɓararriyar gyaɗa, ni a kan wata tsohuwar jaka, babana Ilu yana kora daga baya. A bakin kasuwa wakilin wani attajirin Kano ya rataya sikeli a reshen gawo, abin da ba mu taɓa gani ba. Gwaggo ta gyara lulluɓi, ta matsa ta yi sallama, ta ce kaya ta kawo. Mutumin ya dubi jakunan, ya dube ta, ya ce, "Iya, ina mai kayan?" Ta ce ita ce. Ya yi dariya, ba ma ta mugunta ba, irin wadda ake yi wa yaro in ya yi shirme, ya ce maigidansa ya hore shi da magidanta kawai zai yi ciniki, ta nemo namiji. Sai Gwaggo ta waiwaya ta ce, "Ilu, zo ka tsaya nan." Baba ya ajiye sandar kora ya zo ya tsaya.

Wanda bai san Gwaggo ba, ba zai gane nauyin wannan tsayuwar ba. Mijinta ya rasu tun da sauran ƙuruciyarta, ta ƙi sake aure, ta kama sana'ar man gyaɗa. A wancan zamani gyaɗa abin mata ce. Maza gero da dawa suka sani, gyaɗa kuwa a gayaunar mace ake shuka ta, ita ke cira, ita ke roro. Gwaggo ta fara da turmi ɗaya, har ya zamana matan unguwarmu da na ƙauyukan gefe duk wurinta suke kawo tasu, kuma a tsakar gidanta suke aiki. Uwar ɗaki suke ce mata. Ita ke cewa wance ta yi suya, wance ta yi daka, wance hannunta ya fi kyau a matsa. In biyu suka yi cacar baki, kallo ɗaya ya ishe su. Kai, masifaffiya ce ta gaske, ni shaida ce, kunnena ya sha murɗa. Amma ba a taɓa jin wadda ta yi mata wuni ta koma gida hannu wofi ba. Shi kansa Baba ita ta goya shi bayan uwarsu ta rasu, ita ta yi masa aure da ribar mai.

A cikin wannan hayaniya na girma. Da hantsi mu yara muna zaune kan tabarma muna ɓara, muna maƙala ɓawon a kunne wai mun sa 'yan kunne, muna yanga kamar amare. Hayaƙin suya ya cika gida, taɓare suna amsa wa juna, mata na waƙa suna zolayar mazajensu. Aikina shi ne kai wa jakuna harawa da murza ƙuli-ƙuli, in kuwa Gwaggo ta juya baya na dangwali tunkuza na kai baki. Ta kama ni ba sau ɗaya ba. "Ɓera mai ƙafa biyu," haka take ce mini, sai kuma ta gutsuro mini wani da kanta. Da la'asar mu ɗauki goran mai mu zaga gida-gida, mu dawo mu yi 'yar carafke a gindin tsamiya har a kira mu tuwo. Ko'ina muka je ƙanshin mai ne ke riga mu shiga, a ce ga 'yan gidan Hansai.

Bayan ranar sikelin nan, ba wanda ya ƙwace wa Gwaggo komai. Wannan shi ya fi ci mini rai har gobe, don da ƙwace aka yi da an san wanda za a zaga. Gyaɗa ta yi daraja, maza suka mai da gonakin gero na gyaɗa, ɗanya ake nema ba mai ba, har ta fi ƙarfin masu matsa. Gwaggo ta ga inda duniya ta dosa, ta ƙara jakuna, ta shiga sayen ɗanya. Ita ke shiga gidaje ta yi magana da mata, ita ke cewa a saya ko a dakata. Amma Baba ke tsayawa gaban sikeli, shi ake gaisarwa, shi wakilin ke ba goro. Da farko kullum ya dawo sai ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya ce, "Yaya, ga yadda aka yi." Daga baya ya riƙa faɗa a tsaye. Daga baya sai an kwana biyu. Mutane suka fara cewa jakunan Ilu, gyaɗar Ilu, shi kuma bai ce haka ne ba, bai ce ba haka ba ne. Ba mugu ba ne, Allah ya jiƙansa, mutum ne da aka yi ta kira da wani suna har ya saba amsawa. Matan tsakar gida suka watse ɗaya bayan ɗaya, turame suka koma jikin danga, gara ta hau su. Baba ya koma Gumel da zama, ya kafa babbar rumfa da nasa sikelin.

Na soma zama budurwa lokacin da Gwaggo ta ce in raka ta ta ga rumfar nan da idonta. Ta sa zanenta na saƙi mai kyau, muka tafi a ƙafa, don jakunan duk suna can. Muka tarar da buhuna jibge sun fi tsayin mutum, ga raƙuma a durƙushe ana labta musu. A gefe wasu tsofaffin mata na tsugune, suna jiran a gama awo su tsince abin da ya zube. Gwaggo ta nufi cikin rumfa kanta tsaye, sai wani ƙato mai gadi ya tare ta da sanda ya ce, "Tsohuwa, masu tsintuwa can suke jira." Wallahi sai da na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baba ya hango mu, ya taso da sauri yana tattare babbar riga, ya daka wa mutumin tsawa. Na ce a raina yau dai za a faɗi gaskiya a gaban kowa. Sai na ji ya ce, "Kai, ba ka da ido? Yayata ce! Ku shimfiɗa mata tabarma, ku auno mata gyaɗa mai kyau ta tafi da ita." Mutanen wurin suka yi ta yaba masa, wai ga mai zumunci.

Gwaggo ba ta zauna a tabarmar ba. Ta dubi buhunan nan tun daga ƙasa har sama, ta dubi ƙanenta, ta ce, "An gode, Malam Ilu. Allah ya amfana." Aka ɗora mini ƙwaryar gyaɗar a kai, muka juyo. Duk tsawon hanya ni ce ke kuka. Tun daga ranar ba ta ƙara tambayar yadda kasuwa ta ci ba. Da ta rasu, masu zuwa ta'aziyya suka riƙa cewa yayar Ilu mai gyaɗa ce ta cika.

Yanzu in aka kai ni Gumel sai in ga mata suna koyarwa, wasu suna duba marasa lafiya, wasu da shagunansu. Jikata ma tana da keken ɗinki da yaran aiki, kuma in baƙo ya zo ya ce ina mai wurin, ba ta waiwayen kowa. Ina murna, amma murnar ba ta cika mini ciki, don nakan tuna wadda ta fi su duka iyawa ta zo duniya da wuri. Waɗanda suka san gaskiyar maganar duk sun kwanta dama, saura ni kaɗai. Shi ya sa nake faɗa tun da sauran numfashina: kayan na Hansai ne.