Ɗakin Inna Ba Dokin Ƙofa

Shekarar da idanun Inna suka rufe, maigidana ya je Barmu ya ɗauko ta. Inna mahaifiyarsa ce. Ƙasa ba ta daɗe da samun mulkin kai ba, shi yana koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, muna zaune gidan haya cikin Tawa.

Gidan irin na kowa ne. Kowace ƙofa da dokinta, tudun laka mai kai rabin ƙwauri, don kada ruwan damina ya shiga ɗaki. Kwana uku da zuwanta ta yi tuntuɓe da na ɗakinta, ta fasa goshi. Tun daga ranar sai an riƙe mata sanda take zuwa makewayi. Ni ke kai ta. Ban taɓa jin nauyin abin ba, lada nake nema. Ita ce ta ji nauyin.

Ban gane ba sai da bazara ta kama. In cika mata ƙwarya da ruwan randa da safe, in dawo da azahar in tarar da shi yadda na aje, in ban da ɗan abin da ta yi alwala. Fura ma kurɓi biyu take yi ta ture. Leɓɓanta suka tsattsage.

Na ce, "Inna, ruwan bai yi sanyi ba?"

Ta ce, "Shina da sanyi, ɗiyata. Ni dai ba ni jin ƙishirwa."

Wa ba ya jin ƙishirwa a bazarar ƙasarmu ta Adar? Matar da ta noma gonarta da hannunta har tsufa, bakinta ba ya iya ce wa matar ɗanta ta kai ta makewayi sau huɗu a wuni. Sai ta rage sha don ta rage roƙo. Kullum kuma maganarta ɗaya ce: a mai da ita Barmu, can ƙafafunta sun san hanya. Can kuwa ba mai dafa mata.

A wannan shekara aka ba maigida fili a sabuwar unguwa. Ana kuma gina sababbin azuzuwa a lakwal ɗinsu, an turo wani daga Yamai yana duba aikin. Mai zanen gini ne, ya yi karatun abin a ƙasar waje, yana da takardar izini da hatimi daga gwamnati. Maigida ya roƙe shi ya zana mana gida. Abokansa suka yi ta masa tsiya, wai gidan laka har da takarda, tun da aka kafa Tawa da ƙafa magini ke shata ɗaki.

Mutumin ya zo gidan hayarmu bayan la'asar. Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo ruwa, zan wuce sai ya ce in tsaya. Bai tambayi ɗaki nawa muke so ba. Cewa ya yi, "Su wa za su zauna gidan, kuma yaya suke wuni?"

Maigida ya lissafa mu. Ni kuwa na dubi ƙwaryar Inna cike a bakin ƙofarta, na daure na faɗa masa zancen ruwan. Da Faransanci na faɗa, wanda na koya a kwaleji, don kada ta ji. Shi kansa maigida ranar ya fara sani. Ya sunkuyar da kai.

Mai zanen ya ja tabarmarsa kusa da ita. "Inna, ba ni labarin gidanki na Barmu. In kin fito ɗaki, ina kike dosa?"

Rabona da in ji muryarta haka tun tana gani. "Taki bakwai, ga randa. In juya hannun dama, in dafa darni, taki goma sha ɗaya ni kai bayan gida."

"Ƙofar ina take duba?"

"Yamma mana. Wa ka ba gabas ƙofa, ruwa shi bugo shi? Kai ɗan ga, mi anka koya maka can?"

Ya yi dariya ya ce abin da ba a koya masa ba shi ya zo ɗauka. Ranar kasuwar Barmu suka shiga mota shi da maigida, ya je ya auna tsakar gidanta da igiyar awo, daga bakin ɗaki zuwa gurbin randa, daga nan zuwa makewayi. Da ya kawo zanen na zauna na karanta shi a tsanake. Gefen Inna gidanta ne na Barmu sak, an ɗauko an aje cikin namu. Makewayin ma ya karkatar da shi don mai zama kada ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya. Kuma ƙofarta ba doki.

A nan aka sha daru da maginin. Dattijo ne mai kyan hannu, rabin unguwar shi ya gina. Ya juya takardar sama da ƙasa, ya kira mai zanen yadda ake kiran ƴan boko da Faransanci, ya ce, "Mushe, ɗaki ba doki? Damana na zuwa kwaɗi su yi jam'i ciki."

Mai zanen ya nuna masa. Daɓen ɗakin duka za a ɗaga shi taƙi ɗaya bisa tsakar gida, hawan ya kwanta a hankali yadda ƙafa ba za ta ji ba. Tsakar gidan a karkata ta zuwa rariya ta ƙarƙashin katangar yamma, indararo kuma ya zuba ta baya. Ya kafa turaku, ya ɗaura zare, yana dubawa da ɗan gilashinsa mai ruwa a ciki. Dattijo ya ce to, irin to ɗin da ba ta kai zuci ba.

Mai zanen ya koma Yamai. Da ya dawo duba aiki bayan makonni, na kai wa ma'aikata fura, sai ga doki a ƙofar Inna, an shafe shi sumul.

Dattijo ya ce, "Wallahi hannuna na ya yi, ban sani ba. Shekara arba'in shina yi."

Mai zanen ya ce, "Baba, hannun da ya yi shi zai rushe."

"In ruwa ya shiga fa?"

"Sa hannuna da hatimina ke kan takardar. In ruwa ya shiga ba kai za a kira ba, ni za a kira, har Yamai."

"To, kai ka fidda kwaɗin."

Ya ɗauki gatari ya sare shi yana ƙunƙuni. Amma shi ɗin ne, da ya ji don wa ake yi, ya ce ai bango sumul ba ya gaya wa hannu kome. Ya ɗora wani siririn tudun laka a jikin katanga daidai ƙugu, kamar igiya kwance, tun daga randa har makewayi, madadin darninta. Mai zanen ya ƙara shi cikin takarda ya ce ya ƙaru.

Abin da nake gaya wa ƴaƴana ke nan in za su yi gini. Magini ya san laka, ba mai raba shi da ita. Amma a nemi mai takarda, wanda zai tambaya kafin a kwaɓa ƙasa, ya auna, ya sa hannu, ya dawo ya ga an yi yadda aka ce. Da ba don ya dawo ba, da dokin nan na nan.

Muka tare ana gab da shuka. Na kai Inna ɗakinta, na tsayar da ita bakin ƙofa tana fuskantar tsakar gida. Ta ɗaga ƙafa sama kamar yadda ta saba, ta sauke, ba ta taɓa kome ba. Ta yi bismilla. Ina jin ta tana ƙirga a hankali, a na bakwai sandarta ta bugi randa. Ta juya dama, ta miƙa hannu, yatsunta suka faɗa kan tudun. Na taka zan bi ta.

Ta ce, "Koma, ɗiyata. Na san hanya."

Ruwan farko da la'asar ya zo, mai ƙarfi, daga gabas. Yana ɗaukewa sai ga sallamar dattijon magini, wandonsa naɗe. Ya wuce kai tsaye ya durƙusa ya shafa daɓen ɗakinta, ya dubi tafinsa.

Inna ta ce, "Wa ke nan?"

"Mai neman kwaɗi na, Inna. Ban samu ko guda ba."

Washegari da hantsi ina tankaɗe na ji ƙarar moɗa tana kartar gindin randa. Inna ce tsaye, ruwa na bin haɓarta.

Ta ce, "Ɗiyata, randar ga taku ƙarama ta. A samo babba."