Sallamar Kawu Isiyaku ta Kwana Uku-Uku

Lahadi ta biyu ce a cikin watan Afrilu, shekara biyu da suka wuce, da ƙarfe shida da kwata na yamma, a falon Kawu Isiyaku da ke Small Heath a Birmingham. Mu huɗu ne a wurin: shi Kawu, wan mahaifiyata, matarsa Hajiya Rabi, amininsa Dakta Haladu, wanda ya tuƙo mota tun daga Cheetham Hill a Manchester, sai ni, da Dakta ya biya ya ɗauka a Levenshulme. A wannan zama ne amincin shekara arba'in ya tsinke, a kan wani wasa da ban san Bahaushen da ya damu da shi a ƙasar nan ba in ban da su biyu.

Ku da kuka san Kawu kun san hular nan tasa shuɗiya, hana-salla, mai facin baƙin ƙyalle a goshi. Tambarin ƙungiyarsa ne a ƙarƙashin facin. Shi ya sa Hajiya ta ɗinke shi. Shi da Dakta sun yi karatu a wani gari mai tsananin sanyi a Amurka, shi aikin injiniyan ruwa, Dakta likitanci, kuma a can suka kamu da son ƙungiyar baseball ta garin. Wasan dai shi ne wani ya jefo ƙwallo, wani ya doke ta da gora, ya zaga kusurwa huɗu a guje. Ana fara kakar wasan a ƙarshen Maris, kuma kowace ƙungiya tana buga wasa ɗari da sittin da biyu kafin a tashi. Abin da na iya fahimta ke nan cikin shekara goma sha biyu da na yi ina zama kusa da shi.

Kawu bai taɓa faɗin sunan ƙungiyar ba. “Yaran” yake ce musu. Bai kuma taɓa yabon su ba, ko sau ɗaya. Na tambaye shi dalili a shekarata ta farko a nan.

Ya dube ni ta saman tabarau. “Nafi'u, a gidanku ka taɓa jin uba ya kama sunan ɗansa na fari? Ko ya tsaya cikin mutane yana yabon sa?”

Hajiya ta leƙo daga kicin. “To Alhaji, ita Safiya fa? 'Yarka ta fari, kullum Safiya kaza, Safiya kaza, ko kunya babu.”

“Safiya ai ta biyu ce,” in ji shi. “Yaran sun girme ta da shekara shida.”

Watan Afrilu shi ne watan baƙin cikinsa, kuma a gaskiya ban taɓa ganin mutumin da baƙin ciki ke karɓa kamarsa ba. In Yaran suka fara kaka da faɗuwa, sai ka ga ya sake, yana cin abinci sosai, yana tsokanar maƙwabta. Wata shekara sun sha kashi a wasanni huɗu na farko. Ya kira ni ina tsakiyar aiki.

“Nafi'u, an gama. Bana ma an gama.”

“Haba Kawu, wasa huɗu fa kawai aka yi. Saura ɗari da hamsin da takwas.”

“To ai tashin hankalin ke nan! Duk sai na kalle su.”

In kuwa suka fara da nasara, nan ne gidan ke shiga wani hali. Ba ya fara'a, ba ya son a yi dariya kusa da talabijin. Mai jifa zai yi abin da dubban mutane za su miƙe tsaye suna tafi, shi kuwa Kawu sai ya ja tsaki ya ce, “Dubi tafiyarsa. Wannan gwiwar ba za ta kai Yuni ba.” Akwai shekarar da suka ci biyar a jere, jininsa ya hau har Hajiya ta kai shi wajen likitar unguwa. Likitar ta tambaye shi ko wani mummunan abu ya faru a gida. Ya ce mata a'a, tukuna dai, jira yake yi.

Dakta Haladu kuwa kishiyar wannan hali ne. Mutum ne da nasara ɗaya ke isar sa ya fara duba kuɗin jirgin zuwa wasan ƙarshe. Amma shekara da shekaru yana danne bakinsa a gaban Kawu. Sai ya shiga mota za mu koma, mun hau babbar hanya, sannan ya saki abin da ya haɗiye, ni da ban san komai ba ina ta cewa “haka ne, Baba” har Manchester.

A wannan Lahadi da na faɗa, Yaran sun ci wasanni takwas na farko, abin da su biyun ba su taɓa gani ba. Kawu ya rame. Ana fara wasa na tara, wani daga cikin Yaran ya doki ƙwallo ta tashi ta faɗa cikin 'yan kallo. Dakta ya miƙe tsaye, hannu biyu sama, ya kama sunan ƙungiyar ɓaro-ɓaro, ya ce, “Wallahi Isiyaku, bana kofin nan namu ne! Babu mai tare su!”

Hajiya ta ce, “Innalillahi.”

Kawu bai ɗaga murya ba. Ya kashe talabijin. Ya fita zaure, ya dawo riƙe da takalman Dakta, ya ajiye su a gabansa a kan darduma.

“Haladu, shekara arba'in ina kare yaran nan daga bakin duniya. Ashe bakin yana cikin falona, yana cin dambuna.”

“Kai Isiyaku, camfi ne wannan! Da iliminka?”

“Da ilimina. Sa takalminka.”

An cinye Yaran a ranar. Aka sake cinye su washegari. Sai da suka faɗi sau goma sha biyu a jere. Ban ce bakin Dakta ne ba. Ina faɗin abin da ya faru ne kawai.

A mako na biyu Kawu ya tare limamin masallacin unguwarsu bayan La'asar, ina tsaye. Ya ce, “Malam, fatawa nake nema. Baki yana tsallake teku?”

Liman ya yi murmushi ya ce, “Alhaji, babu abin da ke samun bawa sai da izinin Allah.”

“Wannan na sani, Malam. Amma ka lura, Manchester ɗin su Haladu ta fi Birmingham kusa da teku.”

Liman bai bar shi haka ba, don ya riga ya ji labarin ɓatawarsa da Dakta. Ya tuna masa cewa addini bai yarda Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba, kuma mafi ƙarancin abin da ke warware gaba shi ne sallama. Kawu ya ce, “Sallama kawai?” Liman ya ce mafi ƙaranci ke nan. Na ga lokacin da idon Kawu ya yi haske, na san an shiga uku.

Daga ranar, duk kwana uku, da ƙarfe goma na safe, wayar Dakta za ta yi ƙara.

“Salamu alaikum.”

“Wa alaikumus salam.”

Ƙit! Ya kashe.

Haka aka yi shekara biyu. Bai taɓa tsallake rana ba, ko da Sallah, ko ranar auren Safiya da su biyun ke zaune a zaure ɗaya, tebur biyu tsakani: ya ciro waya, ya kira, muna kallon Dakta yana lalube a aljihun babbar riga. Dakta ya gwada duk dabarar da ya sani. Ya gwada amsawa da sauri ya ɗora magana: “Wa alaikumus salam Isiyaku ka ga sabon mai jifan nan da—” Ƙit! Ya gwada jan amsar har warahmatullahi wabarakatuhu, a hankali kamar mai karatun tajwidi, don dai ya ƙara jin numfashin amininsa a layi. Kawu yakan jira har ƙarshe, saboda ladabi, sannan ya kashe.

Muna dariyar abin a Manchester. Amma ni da nake shiga motar Dakta na san ba abin dariya ba ne a wajensa. Matarsa ta rasu tuntuni, 'ya'yansa biyu ba sa jin Hausa sosai, ƙwallon ƙafa suka sani. Ya ce min wata rana, a fitilar hanya kusa da gidansa, “Nafi'u, mutum ɗaya ne ya rage a duniya da ya san ni ina da gashi baƙi. Kalma biyu nake samu daga gare shi duk kwana uku.”

A watan Janairun bana aka gano cutar a hantar Kawu. Ta riga ta yi nisa. Ya tara mu, ni da Hajiya da Safiya, ya ce kada wanda ya kuskura ya gaya wa Dakta.

Na ce, “Kawu, likita ne fa. Kuma amininka ne.”

“Shi ya sa. Yana ji zai taho da gudu, ya tsaya a kaina ya ce, ‘Wallahi Isiyaku za ka warke!’ Shi ke nan ya gama da ni. Ka ga abin da ya yi wa Yaran.”

Hajiya ta juya baya tana share ido, amma kafaɗunta na rawa da dariya. Na yi alkawari. Wata uku ina zama a motar Dakta da wannan magana a cikina, yana tambayata ko na lura muryar Isiyaku ta ɗan dushe, ina ce masa sanyi ne.

Aka shiga kakar bana, Yaran suka faɗi a wasanni shida na farko. Kawu yana kwance a asibiti, ba ya iya riƙe cokali, amma ya ce da ni, “Madalla. Ko ba komai zan bar su yadda na same su.”

Ranar wata Alhamis da ƙarfe goma da rabi na safe Dakta ya kira ni. Bai gaishe ni ba.

“Nafi'u, yau kwana huɗu ke nan kawunka bai yi min sallama ba.”

Kafin in buɗe baki ya ɗora:

“Mutumin nan ko wuta ce ta kama gidansa sai ya kira. Wane asibiti?”

Ban karya alkawari da bakina ba, wannan zan iya faɗa. Na dai ce masa ya biyo ta Levenshulme ya ɗauke ni. A hanya na gaya masa abin da Kawu ke tsoro. Har muka isa Birmingham bai kunna rediyo ba.

Mun shiga ɗakin wajen ƙarfe biyu. Hajiya ta miƙe ta ba shi kujera. Kawu ya buɗe ido ya gan shi, ya dube ni, na dubi ƙasa. Dakta ya yi sallama, Kawu ya amsa da ƙyar. Daga nan babu wayar da za a kashe. Dakta ya ɗauki takardar da ke rataye a ƙafar gado ya karanta, ya daɗe yana karantawa fiye da yadda rubutun ya kai.

Kawu ne ya fara magana. “To, Likita. Tunda ka zo. Ya ka gan ni?”

Na ga maganar ta taso wa Dakta har maƙogwaro, irin wadda ya saba faɗa wa marasa lafiya shekara talatin da wani abu. Hajiya ta riƙe gefen mayafinta. Ya haɗiye. Ya ajiye takardar.

“Ka lalace, Isiyaku,” in ji shi. “Ban ga alamar kirki ko ɗaya ba. Kai da Yaran duk ɗaya, babu na zaɓe.”

Kawu ya rufe ido. Sai ga murmushi, irin wanda rabona da gani tun Janairu.

“Alhamdu lillahi. Rabi, kin ji? Ya yi hankali. Shekara saba'in, sai yau.” Ya miƙo hannu, Dakta ya kama. “Matso kusa. Ka ga sabon mai jifan nan da suka sayo?”

“Na gan shi. Asara ce.”

“Asara ce babba! Ko tsayuwa bai iya ba.”

Sun yi kusan awa ɗaya suna zagin Yaran ɗaya bayan ɗaya, daga mai jifa har mai horarwa, har wani da ya yi ritaya tun kafin a haife ni. Hawaye na bin fuskar Dakta bai share ba. Da ma'aikaciyar jinya ta ce lokaci ya yi, Dakta ya sunkuya ya ce, “Isiyaku, ka yafe min.”

“Na yafe maka goma sha ɗaya,” in ji Kawu. “Na sha biyun mai tsaron kusurwa ta uku ne ya saki ƙwallo, ba laifinka ba ne. Ni ma ka yafe min. Na tsananta.”

Allah ya jiƙan Kawu Isiyaku. Ya so abin da ya so da tsoro, ya ɓoye son don kada a taɓa masa shi, kuma mu da ya riƙa kushewa mun san matsayinmu a wajensa. Allah ya yafe masa kurakuransa, ya sa ciwon ya zama kaffara, ya haskaka makwancinsa, ya ba Hajiya Rabi da Safiya haƙurin rashinsa. Amin.

Ya rasu bayan kwana tara, ranar Asabar da hantsi. Dakta Haladu ya ɗauki hutu daga aiki, ya kwana takwas daga cikin taran a Birmingham, kuma shi ne ya sauka cikin kabari ya karɓe shi.