Takalman da Baba ya ajiye mini

A Arlit ɗin da na tashi, babu mai tambayar yaro abin da yake so ya zama, tun da an riga an sani. In ubanka na aiki a kamfanin haƙar yuraniyom, ran da ya ajiye aiki kai za ka gaji gurbinsa. Ba a rubuce yake ko'ina ba, amma kowa ya yarda da shi fiye da yadda ya yarda da likita.

Ni kuwa likitan nake so in zama. Na ci jarrabawar birebe a ƙarshen koleji, aka ba ni gurbi a lise, makarantar gaba da koleji, a Agadas. Shekarun tawaye ne, mota ba ta bin hanyar sai cikin ayari da rakiyar soja, kuma fari ya koro makiyaya sun cika bayan gari da bukkokin kwali.

Malaminmu na lissafi ya tako har gida. Baba, mutumin Tawa ne mai gyaran manyan motocin kamfani, ya shimfiɗa masa tabarma, ya ba shi shayi, ya saurare shi har ya gama. Sa'an nan ya ce, "Malam, mun gode. Amma yaron ga gurbi nai na nan. Waɗanda sunka yi lise ɗin, ba ga su nan suna biɗar aiki ƙofar kamfani ba? Dutsin ga ba ya ƙarewa."

Malam ya ce in na bar shekarar ta wuce, gurbin lise ya tafi ke nan. Baba ya tashi ya shiga ɗaki ya fito da kwali. Kowace shekara kamfani na raba wa ma'aikata takalman aiki masu ƙarfe a baki. Ashe a rabon shekarar lambar ƙafata ya faɗa musu, shi ya ci gaba da jan tsofaffinsa da suka tsage. Ya ɗora su gaban malam kamar ya kawo hujjar da ta kashe magana. Ta kuwa kashe.

Ran da ayari ya tashi ina tsaye a tasha, 'yan ajinmu na ɗaga mini hannu daga bayan mota. Daga nan gareji na wuce, inda Baba ya kai ni in koyi riƙon sifana kafin lokacina ya zo.

Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Gari guda cike da injiniyoyi masu auna dutse, a rasa mai faɗa wa iyayenmu cewa yuraniyom ɗin nan a wata ƙasa ake yanka masa kuɗi, kuma kuɗin yana faɗuwa! Kasuwarsa ta riga ta fara mutuwa a lokacin, manya sun sani, suka yi shiru. Mu ana ta yi mana huɗubar haƙuri.

Ina cikin jira aka fara rage ma'aikata. Baba na cikin na farko. Gurbin da zan gada aka shafe shi gaba ɗaya, babu wanda ya ko tambayi sunana. Na je wurin malam, ya girgiza kai, ya ce shekaruna sun haura.

Aikin da na samu shi ne lodin manyan motoci masu zuwa Assamaka, can bakin iyaka. Da safen da zan fara, Baba ya fito da kwalin nan, ya goge takalman da gefen rigarsa ya miƙo mini. Na shirya maganganu masu zafi tun tuni, amma na ga yatsunsa na leƙowa ta tsofaffin nasa, sai na zauna na gwada. Ƙafata ta girma. Na tura, na tura, ta ƙi shiga.

Ya durƙusa yana danna mini diddige da hannu biyu. Ya ce, "Ƙara turawa, ɗana. Suna buɗewa."